Miksomatosis a jikin zomo: aikin nas daga kiran waya zuwa wanke keji

Yawanci da waya abin yake farawa. Mai zomo ya kira ya ce, "Idon zomona ya kumbura tun jiya, kamar wani abu ne ya cije shi. Ko akwai maganin ɗigawa da zan zo in karɓa?" Nas ɗin asibitin dabbobi da bai taɓa gamuwa da cutar miksomatosis ba zai iya cewa a kawo shi gobe. Wanda ya san cutar kuwa, ba zai ajiye wayar ba sai ya yi tambaya uku. An taɓa yi masa allurar rigakafi, kuma yaushe aka yi ta ƙarshe? Ido ɗaya ne ya kumbura ko duka biyun? An ɗaga wutsiyarsa an duba ƙasa? Tambayar farko ita ce mai raba hanya, domin zomon da ke da rigakafi da wanda ba shi da ita, ko da cuta ɗaya ce ta kama su, jinyarsu ba ɗaya ba ce, makomarsu ma ba ɗaya ba ce.

Cutar da inda ta fito

Ƙwayar bairos ce mai suna miksoma take kawo ta, 'yar dangin ƙwayoyin da ke haddasa agana. Asalinta a jikin zomayen dajin nahiyar Amurka take, kuma su ba ta yi musu komai sai ɗan ƙullutu a fata wanda ke bajewa da kansa. Zomon Turai ne ba ya jure mata, shi kuwa shi ne kakan duk zomayen da ake kiwo a gida. Wani masani ɗan Italiya, Giuseppe Sanarelli, shi ya fara bayyana ta a 1896 a birnin Montebidiyo na Yurugwai, bayan ta kashe masa zomayen ɗakin bincike.

Mutane ne da hannunsu suka yaɗa ta a duniya. A 1950 aka sake ta a Ostireliya da gangan don a rage zomayen da suka addabi gonaki da makiyaya, kuma a farkon lamarin tana kashe fiye da 99 cikin kowane 100 da ta kama. Da jama'a suka tsorata cewa za ta iya shafar mutum, sai masana uku, Frank Fenner da Macfarlane Burnet da Ian Clunies Ross, suka yi wa kansu allurar ƙwayar, ba abin da ya same su. A 1952 wani likita a Faransa, Paul Armand-Delille, ya sa wa zomaye biyu cutar a gandunsa don ya huta da ɓarnarsu, ita kuwa ba ta san katanga ba. A 1953 ta ɓulla a yankin Kent na Ingila, cikin 'yan shekaru ta share kusan kashi 99 cikin 100 na zomayen dajin ƙasar, dokar 1954 kuma ta haramta yaɗa ta da gangan.

Abin da nas zai riƙe daga wannan tarihi guda biyu ne. Na farko, ba ta kama mutum, ba ta kama kare ko kyanwa, don haka ka kwantar wa mai zomo da hankali tun da wuri. Na biyu, zomayen daji sun shafe shekaru fiye da saba'in suna kokawa da ita, wasunsu sun gaji ɗan juriya. Zomon gida bai gaji komai ba. Yadda ta kama kakanninsa a 1953, haka take kama shi yau.

Hanyar shigarta ta fi yawa ta bakin ƙwari masu shan jini: ƙumar zomo, sauro, ƙudaje masu cizo, da 'yan ƙananan ƙwarin da ke zama cikin gashi. Ƙwayar ba ta hayayyafa a jikin ƙwaron, manne take a bakinsa kamar datti a kan allura, kuma a bakin ƙuma tana iya yin watanni da ranta. Ita ƙumar zomo abin mamaki ce. Wata masaniyar ƙwari 'yar Birtaniya, Miriam Rothschild, ta gano cewa ba ta iya yin ƙwai sai ta sha jinin zomanya mai ciki, don haka haihuwarta a ɗaure take da haihuwar zomon, tana jiran 'ya'yan a cikin rami. Ban da cizon ƙwari, kwantsa da majinar mara lafiya suna ɗauke da ƙwayar, haka kwano da tawul da hannun wanda ya taɓa shi.

Tun a waya

Idan amsoshin suka sa ka zargi, a zo yau, ba gobe ba. Ka gaya wa mai zomo ya raba shi da sauran zomaye nan take, ya sa shi a kwali ko akwatin da za a iya wankewa, ya lulluɓe da ƙyalle mai shan iska. In ya iso ya tsaya a waje ya kira, kada ya shiga ɗakin jira. Ka ba shi lokacin da babu wani zomo a asibitin, ƙarshen layi ya fi. Ka kuma roƙe shi ya zo da katin allura da ɗan abincin da zomon ya fi so, zai yi amfani nan gaba.

Kada ka yarda da "ai an yi masa allura" sai ka ga kati. Sau da yawa allurar ta shekara uku da suka wuce ce, ko kuma ta wata cuta ce dabam.

Dubawa

Kafin ka buɗe akwatin ka sa safar hannu da rigar leda, ka shimfiɗa abin da za a jefar a kan tebur. Sannan ka tsaya ka kalle shi minti ɗaya ba tare da ka taɓa shi ba. Zomo dabba ce da ake farauta, ɓoye ciwo a jininsa yake, kuma da zarar hannu ya sauka a kansa numfashinsa zai canza. Ka ƙirga numfashin tun yana cikin akwati. Lafiyayye yana yin 30 zuwa 60 a minti. Ka saurari ko akwai gurnani ko shaƙewa a hanci. Zomo ta hanci kawai yake numfashi, don haka wanda ka gani ya miƙe wuya ya buɗe baki yana neman iska, wannan yana bakin mutuwa ne. Ka ajiye sauran dubawa, ka ba shi oksijin, ka kira likita.

In numfashi da dama-dama, sai ka bi jiki daga kai zuwa wutsiya. Alamar farko yawanci fatar ido ce: ta yi ja, ta kumbura, ta yi nauyi kamar mai jin barci, ruwa na zuba. Bayan kwana ɗaya ko biyu ruwan ya koma farar kwantsa mai kauri, idanun su liƙe. Gindin kunnuwa ya kumbura har su faɗi, leɓe da hanci su yi suntum, fuskar ta cika har a riƙa kwatanta ta da kan zaki. Sai ka tallafi bayansa da kyau ka duba ƙarƙashin wutsiya. Kumburin dubura da al'aura, ko na maraina in namiji ne, shi ne abin da ya fi tabbatar da zargi. Ciwon ido kaɗai abubuwa da yawa na kawo shi: saiwar haƙori da ta toshe hanyar hawaye, ƙaiƙayin ingirici da ya shiga ido, mura ta ƙwayar bakteriya. Amma ido biyu a kumbure tare da ƙasa a kumbure, da wuya ya zama wani abu. Cuta ɗaya da ke iya ruɗa ka ita ce tunjeren zomo, mai sa ɓawo a hanci da al'aura, sai dai mai ita yana cin abincinsa yana tsalle-tsallensa.

Ka auna zafin jiki. Daidai shi ne digiri 38.5 zuwa 40. A farkon cutar zazzaɓi ke hawa, a ƙarshenta jiki ke yin sanyi, kuma zomon da ya sauka ƙasa da 38 ya fi mai zazzaɓi ba ni tsoro. Ka auna nauyi ka rubuta, ka shafa ciki ka saurara ko hanji na motsi, ka buɗe gashin gindin kunne ka nemi ƙuma, domin a nan take taruwa.

Akwai nau'in da ba ya kawo ƙulluttai sosai, sai atishawa da majina da jan ido, kamar mura. Shi ya fi yaɗuwa daga zomo zuwa zomo a inda ake tara su da yawa. Akwai kuma na yammacin Amurka, wajen Kalifoniya, mai kashewa cikin mako guda kafin alamu su gama fitowa. Idan likita yana son tabbaci, sai a dangwalo kwantsa ko majina da auduga, ko a yanki ɗan ƙullutu, a aika ɗakin gwaji a nemi ƙwayar. Amma ba a jiran sakamako kafin a killace.

Shawarar da ba ta da daɗi

Daga cizo zuwa fitowar alamu ana ɗaukar 'yan kwanaki zuwa mako biyu. Zomon da ba shi da rigakafi, in cutar ta bayyana sosai, yawanci yana mutuwa cikin kwana 10 zuwa 14, kuma mutuwar ba mai sauƙi ba ce. Ƙwayar tana karya garkuwar jiki, bakteriya su samu ƙofa su shiga huhu, ga makanta, ga toshewar hanci, ga yunwa. Babu maganin da ke kashe wannan bairos. Duk abin da muke yi tallafi ne, mu riƙe jikin har ya yi yaƙin da kansa, shi kuwa mara rigakafi kusan kullum ba ya cin wannan yaƙi.

Saboda haka ga ra'ayina, kuma shi ne na mafi yawan likitocin zomo: wanda ba a yi wa allura ba, idanunsa sun liƙe, ƙasansa ya kumbura, ya daina ci, jinƙan da za a yi masa shi ne a hutar da shi yau. Jan kwanaki da ƙarin ruwa da sirinji, in aka duba da kyau, don zuciyar mai shi ake yi. Likita ne ke faɗin wannan, amma nas ne ke zama da mai zomo bayan likita ya fita. A nan kada ka ce masa "da ka yi masa allura." Ya riga ya gaya wa kansa. Ka bayyana masa abin da kwanaki biyar masu zuwa za su kasance ga dabbar, dalla-dalla, ba tare da ƙari ko ragi ba, sannan ka yi shiru ka bar shi ya yi tunani.

Mai rigakafi labarinsa dabam. Allurar ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, amma tana sauya fuskar cutar. Za ka ga ƙullutu ɗaya ko 'yan kaɗan a karan hanci ko gefen ido ko kunne, su yi ɓawo mai tauri, zomon kuma yana ci yana kallonka. Wannan shi ne wanda ake zage damtse a kansa, kuma mafi yawansu suna tashi, ko da yake sai an yi makonni, wani lokaci fiye da wata.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wanda allurarsa ta wuce lokaci da 'yan watanni, ko mai alamu tsaka-tsaki. In aka yanke shawarar gwadawa, a rubuta iyaka tun ranar farko, mai zomo ya sani: in ya fara numfashi da ƙyar, in ya ƙi haɗiyar abincin sirinji, in nauyi ya ci gaba da zubewa duk da ciyarwa, an tsaya. Iyakar da ba a rubuta ba, kullum matsar da ita ake yi.

Jinya

Ɗakin killacewa ya kasance nesa da haushin karnuka da warin kyanwa, tagoginsa da raga. Kayan aikinsa nasa ne shi kaɗai: ma'aunin zafi, sikeli, kwanuka, tawul. In da hali, nas ɗin da ke kula da shi kada ya taɓa wani zomo a ranar. In babu hali, shi ne na ƙarshe a zagaye. A kashe masa ƙuma tun ranar farko da maganin da ya dace da zomo, irin imidakulofirid ko selamektin. Fifronil kuwa, wanda ke cikin Frontline, maganin ƙumar kare da kyanwa, guba ne ga zomo, yana sa farfaɗiya har ya kashe. Ka faɗa wa mai zomo wannan da babbar murya, domin mai kare a gida yakan ɗauko abin da ke hannunsa ya ɗiga.

Ɗumi yana cikin magani. Tun binciken shekarun 1950 aka lura cewa zomayen da ke wuri mai ɗumi sun fi tsira daga wannan cuta a kan waɗanda ke cikin sanyi. A riƙe ɗakin wajen digiri 21 zuwa 22, babu iska mai kaɗawa. Sai dai kada a wuce gona da iri, zomo ba ya gumi, zafi yana kashe shi da sauri. In ka sa abin ɗumama, ka naɗe shi da tawul ka ajiye a gefe ɗaya na kejin, yadda zai iya matsawa in ya ishe shi. Wanda ba ya iya matsawa da kansa, kai ne za ka riƙa auna shi kana juya shi.

Hanci kafin baki. Wannan ƙa'ida ce da na ga ana yawan tsallakewa. Zomon da hancinsa ya toshe ba zai ci ba, domin ba ya jin ƙanshi, kuma ba zai iya tauna da neman iska a lokaci guda ba. In ka ɗura masa abinci a haka, huhu zai tafi. Don haka kowane zagaye ka fara da auduga da ruwan gishirin asibiti mai ɗumi. Ka ɗora audugar a kan busasshiyar majinar, ka riƙe, ka ƙirga talatin a ranka. Kada ka goga, kada ka ɓamɓara. Za ka ji ta yi laushi a ƙarƙashin yatsanka, sai ka share ta waje a hankali. Sau da yawa a nan zomon zai yi atishawa ɗaya mai ƙarfi, hancin ya fara motsin nan nasa na sama da ƙasa, ka san hanya ta buɗe. Turara shi da na'urar feshin ruwan gishiri na minti goma zuwa sha biyar, sau biyu ko uku a rana, yana sassauta abin da ke can ciki.

Ido ma haka. Auduga dabam ga kowane ido, a jiƙa, a jira, a share daga wajen hanci zuwa waje. In fatar ta buɗe, a sa man ido ko maganin da likita ya rubuta, kuma a duba ko ƙwayar idon ta yi gyambo. Fatar da ke ƙarƙashin ido tana saɓulewa saboda jiƙa, a busar da ita a shafa ɗan man kariya. Ɓawon ƙulluttai kuwa a bar shi ya faɗi da kansa. Wani yakan faɗi ya bar rami ko ya tafi da ɗan gefen kunne, ka gargaɗi mai zomo tun kafin ya gani ya firgita.

Sai ciyarwa, wadda ita ce ke cin mafi yawan lokacinka. Hanjin zomo ba ya son tsayawa. In ya yi awa 12 bai ci ba an shiga gaggawa, in aka kai kwana ɗaya zuwa biyu hanta ta fara tara kitse, daga nan dawowa sai da wahala. A dama garin abincin jinya na dabbobi masu cin ciyawa, irin Critical Care, da ruwa mai ɗumi, kaurinsa ya wuce ta sirinji ba tare da ya tsinke ba. Ka zauna a ƙasa, ka naɗe zomon da tawul har wuya, ƙafafunsa huɗu a ƙasa yadda yake zama. Kada ka taɓa kwantar da shi rigingine don ka ga ya yi shiru, wannan shirun tsoro ne, kuma a haka ake shaƙewa. Akwai giɓi a gefen baki, bayan haƙoran gaba, inda babu haƙori. Ta nan za ka zura bakin sirinjin, ka karkata shi gefe, ka matsa kamar mililita ɗaya, ka cire. Ka jira ka ga muƙamuƙi na juyawa, ka ga ya haɗiye, sannan ka ƙara. In abincin ya tsaya a baki yana dalalowa, ka dakata. Zomon da ya daina haɗiya yana gaya maka wani abu, ka kai wa likita labari. Gara kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana da a cika shi sau biyu. Kuma kullum a bar ingirici mai kyau da ɗanyen ganye mai ƙanshi dab da hancinsa, tunda ba ya gani sosai. Ruwa a kwano, ba a kwalba ba, leɓen da ya kumbura ba ya iya tsotsa.

Buƙatar ruwan zomo ta fi ta kare da kyanwa, wajen mililita 100 ga kowane kilo a rana, ban da cike giɓin da ya riga ya samu. Mai kilo 2 ke nan yana neman mililita 200. In yana sha yana haɗiya, ta baki da ƙarƙashin fata sun isa, a ɗumama ruwan tukuna. In ya bushe sosai sai ta jijiya. Jijiyar gefen kunne da muka saba da ita takan ɓace cikin kumburi, don haka ka shirya neman ta hannu ko ta ƙafar baya.

Magunguna aikin likita ne, amma nas ne ke ba da su, ya kamata ya san dalilinsu. Maganin ciwo dole ne, yawanci meloksikam in ƙoda lafiya kuma jiki da ruwa, a haɗa da bufrenofin in ciwon ya yi tsanani. Zomo bai cika kuka ba. Ciwonsa a fuska yake: ido a tsuke, kunnuwa a kwance baya, kumatu sun shafe, ya dunƙule wuri ɗaya yana cizon haƙora. Matsalar ita ce kumburin wannan cuta yana ɓata fuskar, don haka ka fi dogara da zamansa da cinsa. Maganin bakteriya ba ya taɓa bairos ɗin, ana ba da shi ne don tare ciwon huhu. Kada a ba zomo fenisilin ko amoksisilin ko kilindamaisin ta baki, suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, gudawa ta kashe shi. Sitiroyid kuma, duk da kumburin da ke jan hankali a ba da shi, ƙara karya garkuwar da ta riga ta karye yake yi.

Ka riƙa ƙirga kashi. Ba wasa nake ba. Yawansa da girmansa su ne labarin hanji, kuma ranar da ka ga ƙananan busassun ƙwallaye sun fara komawa manya masu laushin ciyawa, ranar ce za ka iya kiran mai zomo da labari mai daɗi. Ka duba ƙarƙashin wutsiya sau biyu a rana, domin mara lafiya ba ya iya lanƙwasawa ya ci kashin nan mai laushi da zomaye ke ci, sai ya manne a gashi ya jawo ƙuda su yi tsutsa. Nauyi kuma kowace safiya, a sikeli ɗaya, a lokaci ɗaya.

Abokin zamansa fa? Zomaye suna shaƙuwa, rabuwa tana hana su ci. In abokin yana da rigakafin da bai wuce lokaci ba kuma sun riga sun kwana tare, likita na iya barin su. In ba shi da ita, a raba su, a kashe masa ƙuma, a sa masa ido mako biyu zuwa uku. Yi masa allura a lokacin ba laifi ba ne in likita ya duba shi, amma mai zomo ya sani cewa in ƙwayar ta riga ta shiga, allurar ba za ta riske ta ba.

Idan hutarwa ce

A fara da allurar barci a ƙarƙashin fata ko a tsoka, a bar shi cikin tawul a hannun mai shi har ya saki jiki. Sannan a nemi jijiya a ba da ta ƙarshe. Neman jijiya a kumburarren kunnen zomon da ke farke azaba ce da ba ta da dalili. Bayan an gama a sa gawar cikin leda biyu a ɗaure nan da nan, domin ƙuma na barin jiki da zarar ya fara sanyi, ta nemi wani. Ƙonawa ta fi, in binnewa ce a zurfafa rami.

Wanke wuri

Ƙwayar tana daɗewa a busasshen ɓawo da gashi, amma ba ta jure magungunan tsafta. A fara da sabulu da ruwa a cire datti, domin bilic ba ya aiki a kan ƙazanta, sannan a zuba bilic ɗin da aka sirka ko maganin asibiti, a bar shi ya yi mintunan da aka rubuta a jikin kwalba kafin a ɗauraye. Shimfiɗa da ragowar ingirici a ƙona ko a ɗaure a leda. Kejin katako da ya sha kwantsa da majina, gaskiya a haƙura da shi.

Zomon daji

Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wannan cuta ta ƙaryata maganar, kuma a nan ma'aunin yake. Zomon dajin da ke zaune a fili da rana tsaka, ido a liƙe, mutum ya zo har ya sa hannu ya ɗauke shi, ya kai ƙarshe. Wanda ke da ɓawo a fuska amma ya gan ka ya zura da gudu, a ƙyale shi, wataƙila yana cikin masu tashi, kuma irinsa ne ke haifar masu juriya.

In wani ya kira ya ce ya tsinci irin na farkon, ka ce ya jefa masa tawul ya rufe kansa, ya tallafi gindinsa, ya sa shi a kwalin da za a jefar. Kada a ɗaga shi ta kunne, kuma kada a bar ƙafafun baya suna lilo, shuri ɗaya na iya karya masa baya. In mutumin yana da zomaye a gida, ya canza kaya ya yi wanka kafin ya je wurinsu, karen da ya shinshino shi kuma a kashe masa ƙuma. A asibiti a duba shi nesa da inda zomayen gida suke, domin irin wannan yakan zo da ƙuma cike da kunne. Jinyarsa a keji ba alheri ba ce: dabbar da ba ta taɓa jin hannun mutum ba, a riƙa naɗe ta sau shida a rana, tsoro kaɗai ya isa ya ƙarasa ta. Hutarwa cikin gaggawa ita ce hidimar da za a yi masa.

A ƙasashen da zomo ɗan asali ne, asarar ta wuce zomon. A Sifen da Fotugal raguwarsa ta jefa kyanwar dajin yankin da babbar mikiyarsu cikin yunwa, kuma a 2018 wani sabon nau'in ƙwayar ya tsallaka ya fara kashe wani jinsin zomon daji mai dogayen ƙafafu da a da ba ta cika damunsa ba. Don haka in aka kawo maka irin wannan jinsi da kumburin ido, a sanar da hukumar kula da lafiyar dabbobi.

Kafin a kai ga duk wannan

A Birtaniya da ƙasashen Turai allurar da aka fi amfani da ita ita ce Nobivac Myxo-RHD Plus, wadda ta haɗa miksomatosis da nau'i biyu na cutar zubar jini ta zomaye. Ana fara ta daga mako 5 da haihuwa, kariya tana kankama bayan mako 3, tana kuma ɗaukar shekara guda, sai a sake. Ɗan kumburi a wurin allurar ba abin damuwa ba ne. A Ostireliya gwamnati ba ta yarda da allurar miksomatosis ba, don gudun kada kariyar ta tsallaka zuwa zomayen daji, a Amurka ma babu mai lasisi. A irin waɗannan wurare raga ita ce rigakafin: a rufe keji da gidan sauro, a shigar da zomaye ciki kafin magariba har gari ya waye, a zubar da duk ruwan da ke kwance, a toshe inda zomon daji zai iya raɓar shinge.

Maganar da za ka fi ji ita ce, "Ai nawa a ɗaka yake, ba ya fita." Sauro ba ya neman izinin shiga, kyanwar gida kuma tana fita farauta ta dawo da ƙumar zomo a kunnenta. Na cikin ɗaka ma a yi masa allura. A Turai cutar ta fi tashi a ƙarshen bazara da kaka, lokacin da ƙwari suka yi yawa, don haka allurar da aka yi kafin zafi ya shigo ta fi faɗawa daidai.

Wanda ya rasa zomo yakan dawo bayan ɗan lokaci yana son sabo. Ka ce masa ya bari 'yan watanni su wuce saboda ƙumar da ta rage a wurin, ya yi feshin gida, ya sayi sabon keji. Sabon zomon kuma a yi masa allura tun yana inda yake, a ƙirga mako uku cur, sannan a kawo shi gida.